Yadda ake daidaita kwararar roba a dayin injin fitar da tirankin

Idan tirankin na PVC, wato dogon mazubin da ake ɓoye wayoyin lantarki a ciki, ya fito daga bakin inji yana lanƙwasa gefe guda, ko gindinsa na tattarewa alhali bangayensa na sirancewa har su yage, hita ce abin da yawancin masu aiki ke fara taɓawa. A ƙara zafi nan, a rage can, a ƙara wa injin ja gudu, a wuni ana niƙe kayan da suka lalace. Galibi kuwa laifin ba na zafi ba ne. Narkakkiyar robar ce ba ta fita da gudu ɗaya a ko'ina cikin bakin dayi, wato ƙarfen da ke ba ta siffa. Wani sashe na sauri, wani na jan ƙafa, injin ja kuma da gudu ɗaya yake jan duka. Inda roba ta yi yawa sai ta taru, inda ta yi kaɗan sai ta miƙe.

Zan bi aikin da misali ɗaya daga farko har ƙarshe: tirankin irin wanda masu wayarin ke kafawa a bango. Gindinsa faɗin milimita 40 da kaurin milimita 3, bangayensa biyu tsayin milimita 25 da kaurin milimita 2, sai ƙananan ƙugiyoyi biyu da murfi ke kamawa, tsawon milimita 5 da kaurin 1.5. Hanyar ɗaya ce ga mai yin silin roba, firam ɗin taga ko duk wani dogon abu da ake turowa ta dayi.

Mataki na 1: Yi faɗa da zanen kafin ka taɓa ƙarfe

Ɗauki zanen bakin kayan ka yanka shi kashi-kashi da fensir, kowane kashi mai kauri ɗaya. A misalinmu kashi biyar ne: gindi, bango biyu, ƙugiya biyu. Rubuta girman kowanne. Gindi 40 × 3 = 120, bangaye 100, ƙugiyoyi 15, jimla murabba'in milimita 235. Ke nan gindi ya kamata ya ɗauki kusan kashi 51 cikin 100 na robar, bangaye 43, ƙugiyoyi 6. Adana waɗannan lambobin, da su za ka yi wa dayin hisabi ranar gwaji.

Sannan ka tambayi mai kayan ko dole ne gindin ya zama milimita 3. Wannan tambayar ta fi duk wata dabara da za ta biyo baya arha. Kaya mai kauri ɗaya a ko'ina kusan shi ke daidaita kansa, kuma ko an sauya roba ko gudu bai cika rikicewa ba. Idan ƙarfi ake nema a gindi, sau da yawa siraran haƙarƙari biyu a kan gindi mai milimita 2 sun wadatar, robar ma ta ragu. Wasu masu kaya ba sa yarda, musamman idan samfurin wani suka kawo suka ce a yi musu irinsa sak. To, sai ka ci gaba, amma ka san ka ɗauko aiki.

Kula da mahaɗai. Inda bango ya hau kan wani bango kamar harafin T, zana da'ira mafi girma da za ta shiga wurin. Idan kaurin bangayen ɗaya ne, faɗin da'irar zai kai kaurin sau 1.25, a kusurwa mai kaifi irin ta L kuwa kusan sau 1.17. Wurin kauri ne a ɓoye, ga shi ƙarfen da ke riƙe robar a nan kaɗan ne, don haka ta nan take fara zubowa. Zagaye kusurwar ciki da waje yadda kaurin zai tsaya ɗaya yana rage wannan sosai.

Mataki na 2: San halin robarka

Narkakkiyar roba ba kamar man inji take ba. Idan aka ƙara matsa ta cikin tsaga, danƙonta raguwa yake yi, ta ƙara tsinkewa. Ana auna wannan hali da lamba ɗaya da ake kira n. Ruwa da mai n ɗinsu 1 ne. Yawancin robobin da ake turawa ta dayi suna tsakanin 0.2 da 0.6, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, robar ta fi saurin fifita hanya mai faɗi.

Lambar MFI, wato awon saurin kwararar narkakkiyar roba, da ke kan takardar buhun robar PE ko PP ba za ta ba ka n ba. Awo ɗaya ne tak, a hankali ake yin sa (PE a zafin digiri 190 da nauyin kilo 2.16), nesa da irin gudun da ke cikin dayi. Haka lambar K ta PVC, irin K67 da ake yin bututu da ita, tsawon sarƙar robar take nunawa, ba halin haɗin da ka zuba wa alli da man sulɓi ba. In kamfanin da ya sayar maka yana da jadawalin danƙo, karɓa. Ka duba wurin da ya dace da aikinka: ninka gudun fita sau 6 ka raba da rata, wato kaurin tsagar da robar ke fita ta ciki, ka sami lambar da za ka nema a jadawalin. A gudun mita 3 a minti, wato milimita 50 a daƙiƙa, bango mai milimita 2 na ba da 150, gindi na ba da 100. Danƙon da ke tsakanin nan shi ne naka.

Idan babu jadawali, injinka zai gaya maka, muddin akwai ma'aunin matsi daf da dayi, bayan ragar tacewa. Ɗaura wani tsohon dayi da robar da za ka yi aiki da ita. Tuƙa a hankali, ka auna kilo nawa ke fita a awa da matsin da aka samu. Ƙara gudun sukurun da ke tura robar, ka jira ya zauna, ka sake aunawa. A ce kilo 40 ya ba da matsin bar 150, kilo 80 ya ba da bar 200. Sai ka raba log(200 ÷ 150) da log(80 ÷ 40), ka sami kusan 0.41. Awon ba cikakke ba ne, domin zafin robar na hawa idan sukuru ya ƙara gudu, PVC mai man sulɓi kuma yana ɗan zamewa a jikin ƙarfe. Amma ya fi cinta nesa ba kusa ba. Za mu yi aiki da 0.4.

Mataki na 3: Lissafa tsawon leɓe

Leɓe shi ne ƙarshen hanyar, inda bangayen ƙarfe biyu ke tafiya a miƙe ba sa matsewa ba sa buɗewa, har bakin fita. Abu biyu ke hannunka a nan: ratar da ke tsakanin bangayen, da tsawon leɓen. Yana da kyau ka ga ƙarfin kowanne da lamba.

Idan matsi ɗaya ne, tsawon leɓe ɗaya ne, gudun roba na bin rata ne da ƙarfin (wato power a kalkuleta) (n + 1) ÷ n. Ga robarmu 3.5 ke nan. Gindi ya fi bango kauri sau 1.5, kuma 1.5 a ƙarfin 3.5 ya haura 4 kaɗan. Ma'ana, in ka yanka leɓe ɗaya ga duka, gindin zai riƙa gudu ninki huɗu na bangon. Da mai ne ake turawa da ninki 2.25 ne kawai. Mahaɗar T ta ɗazu, mai 1.25, kan iya ninka gudun maƙwabtanta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙaramin kuskure: ratar milimita 2 da ta wuce da 0.05 tak, abin da ido ba ya gani, tana ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100. Ta wuce da 0.2, gudun ya ƙaru da kashi 40.

Kamar ban ruwa ne a fadama: kwamin da bakinsa ya fi faɗi shi ke shanye ruwan, na kusa da shi na bushewa, sai manomi ya toshe wancan kaɗan kafin wannan ya samu. Toshewar a nan ita ce tsawaita leɓen sashe mai kauri. Ƙa'idar:

L₂ = L₁ × (H₂ ÷ H₁)^(n + 1)

L tsawon leɓe ne, H rata. Zaɓi sashe ɗaya ya zama ma'auni. Abin da aka saba shi ne a ba leɓe tsawon da ya kai ratarsa sau 10 zuwa 20. Mu ɗauki sau 10 ga bango, milimita 20 ke nan. Gindi: 1.5 a ƙarfin 1.4 ya ba da 1.76, leɓensa milimita 35. Ƙugiya: 0.75 a ƙarfin 1.4 ya ba da 0.67, milimita 13. Kalkuletar waya ma na yin wannan idan ka juya ta zuwa ta kimiyya.

Ƙa'idar ta ɗauka cewa tsagar faɗi gare ta sosai, gefunanta ba sa tasiri. Ga gindi da bango hakan ya yi. Ga ƙugiya mai tsawon milimita 5 bai yi ba, domin ƙarfe na riƙe ta ta fuska uku, kuma a aikace za ta buƙaci leɓe da ya gaza 13. Ƙarshen kowane siririn gefe haka yake, shi ne ke fara yunwa. Wasu kan ɗan buɗe rata a can ƙarshen gefen don a rama.

Akwai kuma abin da lissafin ke faɗa wanda ba kowa ke lura ba. Tunda n na cikin ƙa'idar, daidaiton na robar da ka lissafa da ita ne kaɗai. Dayin nan da aka daidaita da n na 0.4, in aka zuba masa haɗi mai n na 0.3, gindi zai koma baya da kusan kashi 13 cikin 100; in mai 0.5 ne, zai yi gaba da kusan 8. A masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, da ma duk inda ake gauraya niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da sabuwa ko ake ƙara alli idan kaya sun yi tsada, wannan ba zancen takarda ba ne. Shi ya sa na matsa a matakin farko.

Mataki na 4: Hanyar da ke bayan leɓe

Roba na fitowa daga inji ta zagayayyen rami, dole a bi da ita sannu a hankali zuwa siffar tirankin. Girman hanyar ya riƙa raguwa ba tsayawa daga shiga har leɓe, kada a sami inda ya matse sannan ya sake buɗewa. Gangaren ya zama mai laushi, ba mataki ba, ba kusurwa mai kaifi. PVC ba ya yafe mataccen lungu: abin da ya maƙale a can zai dahu, ya saki iskar asid mai cin ƙarfe, ka fara ganin rawaya sannan baƙaƙen layuka a jikin kaya. Saboda haka ake yin dayin PVC da ƙarfe mara tsatsa irin 1.2316 ko a shafe shi da kurom, a goge cikin har ya yi sheƙi. Dayin faranti ɗaya mai lebur ɗin baya yana da arha, kuma ga PE ko roba mai laushi a ƙaramin aiki ana lallaɓawa da shi. Ga busasshen PVC, wato mai tauri irin na tirankin, ban ba da shawararsa ba.

Daf da leɓe a bar wani sashe mai ratar da ta fi ta leɓen, kowane kashi da nasa. Nan ne wurin gyara na gaskiya, domin tsawon leɓe daga baya ake rage shi, ta hanyar faɗaɗa wannan sashe zuwa gaba. Idan dayin faranti-faranti ne da aka jera, sanya wannan sashe a farantinsa daban yadda za ka cire shi kaɗai.

Matsala ɗaya ke ɓata lissafin mataki na 3: roba na tafiya a kaikaice. Ka tsawaita leɓen gindi, matsi ya taru a bayansa, sai robar ta zame gefe ta shiga bango, ko ta bi ta gajeren leɓen ta dawo cikin gindin daga gefe. Maganinta siririn shinge na ƙarfe tsakanin sashe mai kauri da mara kauri, kowa ya bi hanyarsa. Sai dai shingen ya ƙare kafin baki da ɗan nisa, don robar ta sake haɗewa tun tana cikin matsi da zafi. In ya matso baki da yawa, za a sami layin haɗi mai rauni, tirankin ya tsage a kusurwa ranar da mai wayarin ya buga masa ƙusa. Ni ina sa shinge ne kawai inda bambancin kauri ya kai kamar na gindi da bangon nan. Tsakanin bango da ƙugiya ba na sawa.

Mai kwamfuta da manhajar kwaikwayon kwarara, irin Ansys Polyflow ko OpenFOAM wadda kyauta ce, zai ga wannan zamewar gefe tun kafin a yanka ƙarfe, ya rage yawan gwaji. Amma amsar manhaja ba ta fi bayanin danƙon da aka ba ta inganci ba.

Mataki na 5: Kumburi da ja

Roba na kumbura da ta fita daga baki, injin ja kuma na sirantar da ita. HDPE, wani nau'in PE mai ƙarfi, ya fi busasshen PVC kumburi sosai, gajeren leɓe kuma ya fi dogo kumburi, don haka ƙugiyarka za ta fi gindi kumbura gwargwadon girmanta. Ana yanka bakin ya ɗan fi kayan faɗi da tsayi don a sami abin ja, amma jan ya zama kaɗan. Ja mai yawa na barin ɗaurewa a cikin kaya, rana ta buge shi ya janye ko ya karkace. Adadin da za ka ƙara, ka ɗauko shi daga wani dayi da ya riga ya yi aiki da robar nan a injin nan: auna bakinsa, auna kayan da yake fitarwa.

Mataki na 6: Yanka, ka bar wa kanka ƙarfe

Cire ƙarfe minti goma ne, mayar da shi sai walda, walda kuma na karkatar da faranti ya bar tabo. Saboda haka ka yanka kowane leɓe ya fi lissafi tsawo da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, rata kuma ta tsaya a ƙaramin gefen abin da aka yarda. Injin yankan waya mai tartsatsin lantarki shi ya fi dacewa da tsagar baki. Bayan an goge, bi tsagar duka da filageji, wato siraran ƙarafan awon rata, ka rubuta abin da ka samu a wurare da yawa. Bangaye biyun nan dole ratarsu ta zo ɗaya, bambancin 0.05 tsakaninsu ya isa ya sa tirankin ya riƙa karkata. Sa fil na daidaita faranti don kowace ɗaurawa ta koma gurbinta.

Mataki na 7: Gwaji

Bayan hitoci sun kai zafin da aka saita, ba dayin aƙalla rabin awa zafin ya ratsa shi, sannan ka sake ɗaure notuna. Kada kowa ya tsaya a gaban baki lokacin tayarwa. Busasshen PVC na fita da zafin wajen digiri 180 zuwa 200, safar hannu mai kauri wajibi ce. Yi gwajin da robar da za a yi aiki da ita, a gudun da za a yi aiki da shi. Dayin da ya daidaita a mita 1 a minti ba lallai ya daidaita a mita 3 ba.

Kada ka saka kayan a kalibireta tukuna, wato na'urar da ke riƙe siffarsu suna hucewa, domin tana danne aibi. Da wuƙar tagulla, wadda ba ta yi wa ƙarfe rauni, share bakin tas, ka bar roba ta fito na 'yan daƙiƙoƙi, ka sake yankewa, ka jefa guntun cikin ruwa. Dubi goshinsa. Sashen da ya yi tsini gaba shi ne mai sauri, wanda ya noƙe shi ne mai jinkiri. Guntun kuma yana lanƙwasa ne zuwa ɓangaren mai jinkiri, saboda mai saurin ya fi tsawo. Yi haka sau da yawa, ka jera guntayen a tebur da alamar sama da dama a kowanne.

Sannan ka ja kayan yadda aka saba, ka yanki mita ɗaya, ka tsaga shi gida biyar bisa layukan fensirinka na farko, ka auna kowanne a sikeli mai nuna giram. Mita ɗaya na wannan tirankin zai yi wajen giram 340, gwargwadon allin da ke ciki. In gindi ya ɗauki kashi 58 maimakon 51, ka san inda robar bangaye ta tafi.

Mataki na 8: Gyara, ɗaya bayan ɗaya

Ka taimaki mai jinkiri, kada ka fara da danne mai sauri. Cire farantin, ka rage leɓen sashen da ke baya daga ciki, da ƙaramin magagari ko dutsen wasa, ka bar gangare mai laushi, ka goge da samfefa mai laushi har layin ya ɓace. Kada ka taɓa fuskar baki, kada ka taɓa rata sai ka rasa yadda za ka yi, ka riga ka ga yadda take da zafin kai. A lissafi, rage leɓe da kashi 10 cikin 100 na iya ƙara gudu har kashi 30. A aikace ba ya kaiwa haka, tunda wani matsin a baya yake ƙarewa, amma ya nuna maka cewa milimita 1 a leɓen bango ba wasa ba ne. Cire rabin abin da kake jin ya kamata, ka gwada. Kuma ka tuna robar da bango ya samu daga wani wuri aka ɗebo ta, don haka gindi zai ragu da kansa.

Idan mai jinkirin ya kai inda ba za a ƙara rage masa ba, sannan ne ake danne mai sauri: ɗan tudun walda a sashen bayan leɓe, a goge shi sumul, ko a sauya farantin. Gyara ɗaya, gwaji ɗaya, a rubuta a littafi: nawa aka cire, a ina, me ya sauya.

Zafi na ƙarshe ne, kuma na ɗan gyaran fuska ne. Ƙara digiri 3 zuwa 5 a hitar gefen da ke baya na iya cike ɗan gibi. Idan sai ka bambanta gefuna da digiri 15 kafin kaya su miƙe, ƙarfen ne bai daidaita ba, kuma gefen mai zafi zai fara ƙonewa a dogon aiki. Kafin ma ka zargi dayi, duba ko fanka na bugun gefe ɗaya, ko ƙofar da iskar hunturu ke shigowa tana daidai da shi. Rufe dayin da bargon zafi na kawar da wannan. Duba ragar tacewa ma, in ta toshe gefe guda robar na shigowa a karkace tun daga baya. Bayan ɗaukewar wuta da PVC a ciki kuwa, kwance dayin ka share shi kafin ka yanke hukunci, guntun ƙonanniyar roba a bayan leɓe na rage rata kamar yadda walda ke yi.

Dayin bututu ya fi sauƙi, tunda kaurinsa ɗaya ne zagaye: notunan da ke kewaye da baki ake juyawa a matsar da zoben waje, a rage rata a gefen da ya yi kauri, rubu'in juyi a lokaci guda, a jira sabon yanki ya iso a auna. Dayin faifan roba mai faɗi kuma a cikinsa aka gina daidaiton, hanyar rabawa na sirancewa zuwa gefuna yadda robar tsakiya da ta gefe za su sha wahala ɗaya, sannan akwai sandar matsewa da notunan leɓe na ƙaramin gyara. A can ma a fara da sandar, a bar notunan leɓe sai ƙarshe, kuma kada a ɗaure noti ɗaya da yawa ba tare da an ɗan taɓa na kusa da shi ba.